SHARHI: An yi awon bayan gida, takarda ta fito, to wa zai canza tukunya?



Tun ranar 1 ga Satumba 2024 ne ragin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta yi wa kuɗin asibitocin gwamnati ya fara aiki. An rage rabi a kan ganin likita, kwanciya asibiti, hoto, tiyata, da kuma awon labo. An yi ta magana a kan haihuwa kyauta da wankin ƙoda, kuma sun cancanci a yi maganarsu. Mu kuwa a shirinmu na lafiya wani abu ne daban ya ja hankalinmu. Da, mai ciwon ciki kan kira ya tambayi wane sassaƙe zai jiƙa. Yanzu ana samun masu kira da takardar labo a hannu, an yi musu awon bayan gida, an rubuta musu ordonas, an kuma gaya musu su canza abinci, su canza ruwan sha. Tambayarsu kusan ɗaya ce: maganin dai mun sha, amma canjin nan ta ina za a fara shi, a gidan da tukunya ɗaya ce, randa ɗaya, rumbu ɗaya?

Wannan ita ce maganar yau. Kuma tun da fari mu roƙi gafarar dattawa, domin sai mun ambaci kashi da dubura da sunansu. Kunyar ambatonsu ta kai mutane da yawa kushewa.

Awon hanji ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi yi a nan shi ne a ba ka ƴar kwalba ka kawo kashi, ma'aikacin labo ya duba da madubin likita ko akwai ƙwan tsutsa, ko amiba mai kawo atuni. Akwai na biyu, wanda ke neman jinin da ya ɓuya cikin kashi, wanda ido ba ya gani. Na uku shi ne babba: a wanke cikin mutum da maganin zawo kwana guda, sannan a zura wata siririyar igiya mai kamara ta dubura, likita ya bi babban hanji yana kallo a allo. Wannan ba a CSI ake yin sa ba, sai manyan asibitocin birni, kuma ba a zuwa shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Kowanne daga cikin ukun, in sakamako ya fito, aikin da yake ɗora wa gida daban ne.

Mu fara da mai sauƙi, ko wanda ake ganin mai sauƙi ne. An ce maigida yana da amiba ko tsutsa. An ba shi Flagyl ko albendazol, ya sha, ciki ya lafa. Bayan wata biyu abin ya dawo, sai ya ce maganin asibiti ba ya da ƙarfi, ko kuma an sayar masa da na jabu. Wani lokaci da gaskiyarsa, domin maganin tebur da ya sha ranar kasuwa babu mai lamunce shi. Amma yawanci maganin ya yi aikinsa. Abin da bai canza ba shi ne hanyar da cutar ta bi ta shiga: daga kashin wani zuwa bakin wani, ta ruwa, ta hannu, ta ƙuda, ta ganyen da ba a wanke ba. Alƙaluman UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bayan gida, a karkara kuma abin ya fi haka. Mun san inda ake zuwa a kowane gari, bayan gari ne, ko cikin gero in damina ta yi nisa. Ruwan sama na farko ya kwashe ya kai tabki, ya kai bakin rijiyar da ba ta da murfi.

Mutanen jihar Maraɗi ba sa buƙatar a koya musu sakamakon wannan. Kwalarar da ta ɓulla a gundumar Madarunfa a watan Yuli 2018 ta kama fiye da mutum 3,500 kafin ta lafa. A 2021 ta sake dawowa, ta bi jihohi da dama, ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar, Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. A Gidan Rumji kuma, tun 2019 da ƴan uwanmu masu gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka fara shigowa, garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau sun ƙaru da jama'a, rijiyoyi da makewayi suka ƙara ɗaukar nauyi.

To a nan ne maganar miji da mata take shigowa. Wa ke ɗebo ruwa? Mace. Wa ke wanke wa jariri kashi, ta tashi ta koma dama fura? Mace. Wa ke da ikon cewa a gina salga, a sayi siminti, a sa kuɗin sabulu cikin cefane? Namiji. Idan majo ya yi wa maigida shi kaɗai bayani, to ya gaya wa wanda ba ya taɓa randa. Idan ya yi wa uwargida ita kaɗai, ya gaya wa wadda ba ta riƙe da kuɗi. Ga kuma ƙasarmu ta jigawa a Agye da Gazawa, ramin da ba a ɗaure shi da bulo ba damina ɗaya ta ishe shi ya rufta, shi ya sa wasu da suka gina lokacin da masu aikin tsabtar gari suka zo, suka koma bayan gari ba don taurin kai ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko dala: tasar nan guda da mutum shida ke tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo, na ƙarshe yana wankewa da dattin biyar. A zuba da buta, kowa nasa, da sabulu ko toka. Wannan kam maigida ne kawai zai iya sa shi a zaure, don babu macen da za ta fito ta gyara wa baƙin mijinta wankin hannu.

Yanzu mu zo kan babbar magana, basir.

Babu kasuwar da za ka shiga daga Cadawa zuwa Tibiri ba ka ji lasifikar mai maganin basir ba. A bakinsu basir shi ne uban cututtuka: shi ke kawo ciwon baya, kasala, kumburin ciki, sannan abin da ya fi sa maza laluben aljihu, raunin namiji a shimfiɗa. A wurin likita kuwa basir abu ne takamaimai, jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, yawanci saboda taurin bayan gida da yawan yunƙuri, ko ciki da haihuwa ga mata. Shawarar da ake bayarwa bayan awo ba ta da yawa: a sha ruwa sosai, a ci abinci mai dusa da ganye, kada a daɗe a tsugune ana nishi, a motsa jiki, a bar tramol domin yana ɗaure ciki.

Abin dariya, ko abin takaici, shi ne abincin da likita ke nema shi ne na kakanninmu. Gero da dawa, wake, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, tafasa, yaɗiya, ayar da Agye da Cadawa suka yi suna da ita, gorubar Gulbin Kaba. Duk suna nan. Amma mace ta gari a wurinmu ita ce wadda ta surfe hatsi fes, ta bakace, ta wanke, dusar ta tafi wurin tumaki, tuwo ya fito fari sol. Wato abin da hanjin maigida ke buƙata, tunkiya ce ke cinye shi. A cikin gari kuma shinkafa fara da maka da burodi sun zama alamar rufin asiri. Baƙo ya zo ka ba shi kwaɗo, sai a ce gidan ya talauce. Ba muna cewa a daina surfe ba ne, don tsakuwa da ƙaiƙayi ba abin ci ba ne. Muna cewa akwai tazara tsakanin tsabtace hatsi da fere shi, kuma ƴan uwanmu mata sun fi mu sanin inda tazarar take, in an tambaye su.

In an tambaye su. Ga inda gizo ke saƙar. Saboda an riga an haɗa basir da raunin namiji, magidanci da yawa sukan ninke takardar su sa a aljihun gaba, ba wanda zai ji. Sai mutum ya dawo gida ya fara ture kwano: yau yaji ya yi yawa, gobe ba ya son shinkafa, jibi ya ce a kawo masa kwaɗo. Bai faɗi dalili ba. A gidan mace ɗaya ma wannan ya isa ya jawo tsegumi, balle gidan mata biyu ko uku, inda ture abincin mai girki ba ƙaramar magana ba ce. Amarya ta ga an ci na uwargida an bar nata, ta ƙulla. Uwargida ta ga ana dafa wa maigida nasa daban ranar girkin amarya, ta ce an fara shiga malamai. Maganar da minti biyar za ta kashe, a tara su a ce likita ya ce kaza, sai ta zama ta kai ƙara wurin iyaye. A ganinmu, namijin da ya iya gaya wa mai lasifika sirrinsa a tsakiyar kasuwa, bai da hujjar ɓoye wa wadda ke dafa masa abinci.

Dafa wa mutum ɗaya nasa daban ma ba ya ɗorewa. Itace ya yi tsada, mace ta gaji, sati biyu an koma gidan jiya. Gidajen da canjin ke zama su ne waɗanda aka canza tukunyar gaba ɗaya, kowa ya ci abin da mai ciwo ke ci. Kuma babu wanda wake da ganye za su cutar, yara ma su ne suka fi amfana.

Idan kuma matar ce mai takardar fa? Nan abin ya fi nauyi, kuma an fi yin shiru a kansa. Basir da tsagewar dubura suna yawan samun mata lokacin ciki da bayan haihuwa, ga mata a jiharmu suna haihuwa kusa da kusa. Ita ce ke ci a ƙarshe, abin da ya rage. Sai ta nemi izini da kuɗin mota kafin ta je awon. Kunya kan sa ta riƙe bayan gida tun safe har duhu ya yi, don gidan babu salga, wannan riƙon kuwa shi kansa yana busar da ciki. In likita ya ce ta ƙara ganye da ruwa, babu wanda zai canza tukunya saboda ita, ita ma ba za ta nema ba. Mazan da ke saurarenmu, ku lura da wannan: in ku ne ba lafiya gida duka ke juyawa, in ita ce sai a ce ta yi haƙuri. Wani ɗan ƙarin bayani ga masu ciki: ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku wurin awo tana mayar da kashi baƙi, tana kuma iya ɗaure ciki. Wannan sananne ne, kada a daina sha saboda shi, a dai gaya wa ungozoma.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne a kira duk jinin da ya fito ta dubura basir. Sankarar babban hanji ma da jini take fara sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya, tana kama kusan mutum miliyan 1.9 a shekara, tana kashe fiye da 900,000. Ita ce ta yi ajalin Pele, sarkin ƙwallon Brazil, a watan Disamba 2022. A ƙasashenmu an fi gano ta a makare, bayan mutum ya shekara ɗaya ko biyu yana shan jiƙo, sai ranar da hanji ya toshe a ɗauko shi a amalanke. Alamun da bai kamata a tsaya wurin mai lasifika da su ba: jini gauraye da kashi, zawo ko taurin ciki da ya wuce sati uku ba yadda aka saba ba, rama ba dalili, ƙarancin jini, jin kamar ba a gama ba bayan an gama, ko ƙulli a ciki. Sau da yawa matar ce ke fara lura, ita ke wanki, ita ke ganin wando ya yi wa mijinta yawa. Ta faɗa. Shi kuma ya saurara.

Kada kuma wannan ya tsorata wanda aka ce an ga jini a awonsa. Wani bincike da likitocin Ile-Ife da abokan aikinsu suka yi a jihohin Osun, Kwara da Legas na Najeriya, aka buga a 2022, ya auna mutum fiye da 2,000 da ba su da wata alama. Kusan ɗaya cikin biyar an ga ɓoyayyen jini a kashinsu. Da aka yi wa 285 daga cikinsu awon kamara, mutum uku ne kacal aka samu da sankara, da yawa basir ne ya jawo jinin. Wato mafi yawan masu irin wannan sakamako ba su da ciwon daji. Sai dai ukun nan, ba don kamara ba, da su ma basir za a ce. Kuma a binciken, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ga jinin ba a kai ga yi musu awon kamarar ba. In a can kudancin Najeriya haka ta faru, sai a auna mutumin Gangara ko Gidan Sori da za a ce ya tafi Maraɗi, wataƙila daga nan a tura shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, wadda sai a 2021 ta fara gashin sankara da na'ura. Ragin rabi ya shafi kuɗin awo. Bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi abincin ɗan jinya ba, bai kuma shafi gonar da za a bari ba noma in abin ya faɗo a damina. Shawarar a sayar da akuya ko a taɓa rumbu, ba mutum ɗaya ke yanke ta ba, kuma sau da yawa akuyar ta matar ce.

Ƴan uwa na ƙetare, ga taku. Wanda ke Faransa ya san daga shekara 50 zuwa 74 ana gayyatarsa awon kashi duk shekara biyu. A Amurka tun 2021 an sauko da shekarun farawa zuwa 45. Ku yi, kada ku jefa takardar a kwandon shara. Idan kuma aka sami wani tsiro a hanjinku aka cire, ko aka sami sankara, to ku sani labarin ba naku ba ne ku kaɗai. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan cuta, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Mun san halinmu, ba ma son tayar da hankalin gida, sai mu ce lafiya lau alhali muna kwance asibiti. Amma yayanka da ke Sae Sabuwa yana ganin jini yana cewa basir ne, kai kaɗai ke riƙe da labarin da zai sa ya tashi. Kuma in za a turo kuɗi ta Nita ko Amana, a maimakon kwalaben ƙarin kuzari masu tsada da ake aikowa, a ce wannan na salga ne, wannan na motar zuwa awo ne, a kuma gaya wa matar gidan ita ma, ba maigida kaɗai ba.

Sai dai a yi hattara da kwaso shawarar can a sauke ta a nan yadda take. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, wanda aka gishirta, aka busar ko aka yi wa hayaƙi, cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari. Cikin misalan da ta bayar har da busasshen nama, ɗan uwan kilishinmu. Kalmar da za a riƙe ita ce kullum. Alhajin da ke zaune a shago tun safe, ga tumbi, ga lemun kwalba, ga tsire da balangu kowane dare, ga sigari, wannan magana tasa ce, kuma hajiya ce za ta taya shi ko ta karya shi. Amma manomin da nama ke ratsa gidansa ranar suna da Babbar Salla, a ce masa ya rage nama, an yi masa ba'a. A jihar da tamowa da ƙarancin jini ke kwantar da yara da mata kowace shekara, kada wani ya ji a rediyo ya hana iyalinsa ɗan abin da suke samu.

Akwai dai darasi ɗaya daga can da ya dace da mu. A Sikotilan an bi mutum 329 masu ƙiba da aka cire wa tsiro a hanji bayan awo, aka buga sakamakon a 2014. Rabi an ba su ɗan littafin shawara kawai. Rabi kuma an haɗa su da mai ba da shawara, ya gana da su sau uku, sannan yana kiransu a waya kowane wata. Bayan shekara, na biyun sun rage kimanin kilo uku da rabi, na farkon ko kilo ɗaya ba su kai ba. Duk sun tsorata da awon, duk sun ji shawara. Bambancin shi ne wasu an ci gaba da bibiyarsu. Tsoro yana da ƙarfi sati biyu, bayan nan sai mutum ya koma halinsa. Akwai ma wanda in an ce ba a ga komai ba, sai ya ɗauki takardar kamar lasisin ci gaba da duk abin da yake yi.

Mu ba mu da mai ba da shawara da zai riƙa kiran kowa a waya. Amma muna da wakilan lafiya na ƙauyuka da ke shiga gida gida saboda yara. Muna da makarantar mazaje, wadda ta faro a jihar Damagaram da tallafin UNFPA ta bazu zuwa wasu jihohi, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti. In maza sun iya zama su yi maganar haihuwa, wadda da ake ganin ba ta bakinsu ba ce, za su iya yin maganar salga da basir. Mai bibiyar da ya fi kowa kusa kuwa yana cikin ɗaki, in an sa shi cikin maganar tun daga ranar farko.

Mu taɓo waɗanda abin ya kai su ga wuƙa. Zazzaɓin taifot da aka yi wa wasa yana huda ƙaramin hanji, yawanci bayan sati biyu zuwa uku, kuma likitocin tiyata a Maraɗi, Damagaram da Galmi sun san shi sarai, galibi a jikin yara da matasa. (A nan mu ce wani abu a gurguje: awon jinin nan na Widal da ake yi ko'ina yana yawan nuna taifot inda babu, don haka ba kowane mai zazzaɓi da aka ce yana da ita ke da ita ba. Amma zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ga ciwon ciki mai tsanani, ciki ya ƙame, wannan na gaggawa ne.) Wani lokaci, ko saboda taifot ko saboda sankara, likita kan fito da bakin hanji ta gefen ciki, kashi ya riƙa zuba a jaka, na ƴan watanni ko na dindindin. Jakar tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, sai ka ga ana dabara da leda da tsumma, fata tana ɗayewa. Wanda aka yi wa haka yakan daina zuwa masallaci, ya daina zama majalisa, ya ƙaurace wa shimfiɗa. Malamanmu na Malikiyya suna da bayani a kan mai lalurar da abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma akwai sauƙi a ciki, a je a tambaye su, kada mutum ya yanke wa kansa hukuncin barin salla. Game da aure kuwa, muna jin labarin matan da suka yi wata shida suna wanke miji ba su ce uffan ba. Muna kuma jin na matan da aka ce su tafi gida su yi jinya, in sun warke sa dawo. Ciwon ɗaya ne, hukuncin ya zama biyu, kuma liman da mai gari suna da bakin magana a nan in sun so.

Abin da za mu roƙi ma'aikatan lafiya na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Yamai. In sakamako ya fito, a tambayi mai shi ko yana so a kira mijinta ko matarsa, da yardarsa, don sirrinsa nasa ne. A yi bayanin da Hausa, da sunan abincin da ke kasuwar Gazawa, ba da sunan wanda ke littafin Faransanci ba. A gaya masa ranar da zai dawo, da alamar da in ya gani ba zai jira ranar ba. Mun san majo ɗaya kan duba mutum da yawa kafin azahar, ba mu raina gajiyarsu ba. Magadan gari kuma, tambayarmu gare su ita ce ta makewayi a kasuwanni da tashoshi: ana karɓar haraji kowace ranar kasuwa, mai tallan fura da ta wuni tun hantsi ina ake so ta zaga, da me kuma za ta wanke hannu kafin ta koma kan ƙwaryarta?

A shirin lafiya mai zuwa za mu kawo ma'aikacin labo da ungozoma cikin ɗakin watsa shiri. Mai tambaya ya turo saƙon murya ta WhatsApp, ba za mu faɗi suna ko gari ba sai in shi ya ce a faɗa. Matan da ba su da waya, su ba wakiliyar kulob ɗin masu saurare ta garinsu saƙon, za ta iso da shi.